Ruwan Kwance da Ruwan Gudu: Abin da Shekaru Ke Koya wa Mai Ɗaukar Hoton Madatsa

Sana'ar hoto a ƙasar Hausa ta ginu ne a kan fuskar mutum, domin abin da ya ciyar da masu ita tun zamanin baƙi-da-fari shi ne hoton fasfo da na biki da na Sallah, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka ga dalilin ƙona fim a kan fili da ruwa, waɗanda ba za su biya ko kuɗin wanki ba. Waɗanda suka jure wa wannan asara har furfura ta riske su, da yawansu a bakin madatsun ruwa suka koyi tsara hoto, wato zaɓen abin da zai shiga tsakanin kusurwoyi huɗu na hoton, da inda kowane abu zai zauna, da abin da za a bari a waje. Madatsa ta dace da wannan karatu saboda tana haɗa ruwa iri biyu a wuri guda. Akwai tafkin da ke bayan bango, wanda ruwansa ke kwance yana ɗauke da hoton sama, sannan akwai gajeren datsi, wato ginin da ake gittawa a kogi ko a babbar magudana domin a ɗaga tsayin ruwa, a bar rararsa ta bi ta kansa ta zuba. Kowannensu da irin idon da yake bukata, kuma matashi yakan ɗauka cewa kayan aiki ne ke raba hoto mai kyau da marar kyau, sai ya daɗe kafin ya gane cewa wurin tsayawa da lokacin zuwa sun fi kyamara tasiri.

Madatsar Tiga, wadda aka kammala a kan Kogin Kano a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta isa misali. Bangonta ya kai kimanin kilomita 6 a tsawo da mita 48 a bisa, tafkinta kuma idan ya cika yakan mamaye kusan murabba'in kilomita 178. Wannan girma shi ne abin da ke jan mai hoto, kuma shi ne abin da ke kayar da shi, domin idan ya hau bango ya ɗaga kyamara ya danna, abin da zai samu shi ne zane biyu, ruwa a ƙasa da sama a bisa, ba tare da wani abu da zai gaya wa mai kallo cewa wurin yana da faɗi ba. Ido yana auna nisa ne saboda mutum yana juya kai, yana jin iska, yana ganin ƙafarsa a kan ƙasa, alhali takarda ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Matsalar ta ƙaru a zamanin wayar hannu, saboda gilashin kyamarar waya mai faɗin gani ne, irin wanda ke tattaro fili mai yawa amma ya ƙanƙantar da duk abin da ke nesa, har tsaunin da ya cika ido ya koma ɗan tudu.

Maganin da dattawan sana'a suka gada shi ne a nemi abin da zai zauna a gaban hoto, wanda mai kallo ya riga ya san girmansa. Kwale-kwalen da aka ja kan tudu da filafilinsa a ciki, ko gurar kamun kifi da aka jera tana bushewa, ko kututturen itacen da ruwa ya kashe, kowannensu yakan ba ido matakin farko, daga nan ya tsallaka zuwa tsakiya inda masunci ke jefa birgi, sannan ya kai ga duwatsun da ke can ƙarshen gani. Wannan jeri na gaba da tsakiya da baya shi ne ƙashin bayan hoton fili, kuma ba a samun sa sai da tafiya. Fim mai hoto 36 ya horar da mutanen da a kan haka, domin wanda ya san kowane dannawa kuɗi ne yakan zagaya wuri, ya durƙusa, ya koma baya, ya rufe ido ɗaya ya duba, kafin ya taɓa maɓalli. Babu laifi a yalwar da kyamarar zamani ta kawo, sai dai ta sa mutane da yawa suna ɗaukar hoto ɗari daga wuri ɗaya, maimakon su bincika wurare goma su ɗauki ɗaya.

Batun layin da ruwa ya haɗu da sama ba ya bukatar dogon bayani. Ruwan kwance ba ya karkata, don haka duk hoton da layinsa ya jirkice, ko da kaɗan ne, mai kallo zai ji wani abu bai daidaita ba. Ana koyar da ka'idar kashi uku, wato a raba hoto gida uku a ɗora layin a kan ɗaya daga cikin rabe-raben biyu, a ba sama kashi biyu idan hadari ne abin kallo, ko a ba ruwa kashi biyu idan labarin yana ƙasa. Ka'ida ce mai amfani ga mai koyo, amma tafki yana da ranar da yake karya ta, ranar da iska ta kwanta ruwa ya ɗauke hoton bishiyoyi da gajimare cif, inda raba hoton biyu daidai ya fi dacewa. Wanda ya saukar da kyamara kusa da fuskar ruwa zai ga wannan hoto na cikin ruwa ya ƙara ƙarfi, wanda kuma ya leƙo daga saman bango zai ga ya dushe, domin ruwa yana mayar da haske sosai ne idan an dube shi a kwance.

Sanin lokaci shi ne darasin da ya fi daɗewa kafin ya zauna, kuma a nan ne littattafan da aka rubuta a Turai ke iya ɓatar da mai karatu. A ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya rana takan daɗe tana jan ƙafa a gefen sama, amma a Kano da kewayenta tana fitowa ne ta miƙe tsaye, ta yadda hasken nan mai laushi na bayan asuba ba ya daɗewa, kuma kafin hantsi ya yi zafi ruwa ya riga ya fara ƙyalli, iska ta tashi ta yamutsa fuskarsa. Saboda haka wanda bai zaɓi wurin tsayawarsa tun jiya da yamma ba, da wuya ya ci moriyar safiyar yau. Haka kuma tafkin Tiga ya miƙe ne kudu da bangonsa, tun da kogin daga kudu yake gangarowa, kuma a watannin sanyi rana tana karkata kudu, don haka mai tsayuwa a kan bango da tsakar rana yana fuskantar haske kai tsaye. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta kuwa rana takan koma arewa kaɗan, ta bi ta bayansa.

Kowane yanayi da tafkin da yake bayarwa. Da damina ruwa yakan yi ja saboda laka, sama ta cika da hadari, ƙasa ta yi kore shar, sai gawo kaɗai da ke tsaye ba ganye, abin da ke sa rassansa su fito sarai a jikin baƙin gajimare. Da kaka tafki yana cike kuma iska a wanke take, shi ya sa nesa ke matsowa kusa. Hunturu kuwa, wanda yawancin masu koyo ke gudu saboda hazon da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, shi ne lokacin da tsofaffin hannu suka fi so, domin hazo yana shafe tarkacen da ke cika hoto, ya jera gaɓa da tsibiri da tsauni bi da bi, kowanne ya fi na gabansa fari, rana kuma ta zama farin faifai da ake iya sakawa cikin hoto ba tare da ta ƙona shi ba. Kuɗin da ake biya shi ne ƙurar da ke shiga kyamara, don haka ba a sauya gilashi a fili a irin wannan rana. Da bazara ruwa yakan ja baya ya bar zobe-zobe a jikin duwatsu, kowane zobe shaidar inda ya taɓa kaiwa, manoma kuma su bi danshin da ya bari suna shuka. Mutane kan ce tafki ya yi muni a lokacin, alhali a lokacin ne yake faɗin gaskiya game da kansa fiye da kowane wata.

Gajeren datsi yana juya duk wannan lissafi, domin a wurinsa motsi ne abin ɗauka. A cikin kyamara akwai makullin haske, wato 'yar ƙofar da ke buɗewa ta rufe, kuma tsawon buɗewarta shi ke yanke yadda ruwa zai fito. Idan ta buɗe na kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, kowane ɗigo zai daskare a iska. Idan ta kai daƙiƙa guda ko fiye, ruwan zai narke ya zama fari sumul, kuma wannan yana bukatar a ɗora kyamara a kan madogari mai ƙafa uku, da rana kuma a sa mata gilashi mai duhu wanda ke rage hasken da ke shiga. Wannan salo na biyu ya yi farin jini ƙwarai, har ya zama kusan duk hoton datsi iri ɗaya ne, kuma a ganin wanda ya daɗe yana kallon ruwa, yawan amfani da shi yana cire wa ruwa nauyinsa da ƙarfinsa. Tsakanin kashi ɗaya cikin 15 da kashi ɗaya cikin 4 na daƙiƙa akwai matsayin da ke barin zaren ruwa a bayyane tare da nuna cewa gudu yake yi. Wurin da ya fi cancantar a zuba masa ido shi ne leɓen datsin, inda ruwa ke lanƙwasa sumul, baƙi-baƙi, kafin ya fashe ya zama kumfa, domin a wannan ɗan taƙi ne ruwan kwance ke komawa ruwan gudu, kuma hoton da ya kama su biyun ya fi wanda ya kama kumfa kaɗai. Tsayawa a gefe, ta yadda layin datsin zai ratsa hoton a karkace daga kusurwa zuwa ciki, yana ba da zurfi fiye da fuskantar sa gaba da gaba. Farin kumfa kuma yana ruɗar ma'aunin hasken kyamara, wani lokaci ya duhunta sauran hoton, wani lokaci ya ƙone ya rasa zane, don haka shi ake fara dubawa bayan an danna.

Akwai gargaɗin da bai kamata a sassauta shi ba. A gindin gajeren datsi ruwa yana juyawa ne ya koma baya zuwa jikin ginin, yana riƙe duk abin da ya faɗa ciki, kuma gwanin iyo ma yakan kasa fita. Simintin da gansakuka ta rufe yana da santsi, ƙofofin madatsa kuma ana iya buɗe su a sama ruwa ya ƙaru a ƙasa cikin ɗan lokaci. Babu hoton da ya kai ran mai ɗaukarsa. Haka nan madatsa kadarar gwamnati ce da ake tsaro, kuma neman izini daga ma'aikatan da ke kula da ita, waɗanda a Tiga suke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, yana kawar da zargi. Masunta ma suna da shugabanninsu, kuma sallama ga sarkin ruwa tana buɗe hanyoyin da kuɗi ba ya buɗewa. Matan da ke wanki a bakin ruwa ba ado ne na fili ba, ba a nuna musu kyamara sai da yardarsu.

Darasin da ya fi nauyi ya shafi gefen hoto, wato layin da mai ɗauka ya yanke ya ce daga nan ba a gani. Tafkin madatsa yana da kyau mai kwantar da rai, kuma abu ne mai sauƙi a tsara shi tamkar haka Allah ya halicce shi, alhali hannun mutum ne ya tare kogi, kuma akwai waɗanda suka biya farashin. Tsohon garin Bussa yana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968, mutanensa aka mayar Sabuwar Bussa. A Bakolori, kusa da Talata Mafara, rikicin diyyar gonaki ya kai ga zubar da jinin manoma a 1980. Ruwan Tiga shi ya rayar da noman rani na shinkafa da tumatir da alkama a Kadawa da Kura da Bunkure, shi kuma, tare da na Challawa da aka kammala a 1992, ya sauya ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita, har ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Hoto ɗaya ba zai ɗauki duk wannan ba, kuma babu wanda ya ce dole kowane hoto ya zama ƙorafi. Amma mai hoton da ya san tarihin wurin yakan tsara shi dabam: yakan bar gefen bango ya shigo, ko sandar awon ruwa mai lambobi, ko magudanar da ta nufi gonaki, domin mai kallo ya fahimci cewa wannan ruwa an tara shi ne, kuma akwai inda za shi.

Daga nan ne al'adar komawa wuri ɗaya ta samo daraja. Wanda ya zaɓi dutse guda ko kusurwar gada guda, ya riƙa ɗaukar hoto daga nan da gilashi iri ɗaya a kowace kaka da kowace bazara, bayan shekaru zai tarar yana riƙe da abin da ba shi da na biyu, domin jerin zai nuna yadda laka ke cike bakin tafki, da yadda ciyawa ke cin magudana, da inda zaizaya ta fara taɓa bango. Fashewar madatsar Bagauda a Agustan 1988 da ta Alau, wadda ta jefa Maiduguri cikin ambaliya a Satumban 2024, sun nuna cewa waɗannan gine-gine suna tsufa kuma suna bukatar idon da ke bibiyar su. Irin wannan jeri ba ya amfani sai an rubuta kwanan wata da sunan wuri da inda aka tsaya, kamar yadda magabata suke yi da fensir a bayan kati, kuma tun da waya tana ɓata ko ta lalace da duk abin da ke cikinta, ya kamata a wanke zaɓaɓɓun hotunan kowace shekara a takarda, a ajiye kwafinsu a wuri na biyu.