Kafin ka share, duba ko da igiya



Bayan girbin bana na zo gida daga Damagaram, inda nake karatun kwamfuta. Ko ruwa ban gama sha ba Inna ta miƙo min salularta. "Kai ɗan boko, duba min, muryar babanku ta ɓata." Ashe wayar ce ta yi nauyi, ƙanena ya kai wa mai caji a kasuwa aka wanke ta. An goge komai na WhatsApp, har da saƙon murya na ƙarshe da Baba ya turo daga Kano kafin rasuwarsa. Na duba ko'ina, babu.

Ban iya yi wa yaron faɗa ba, don ni ma na taɓa irin wannan ɓarnar a aikin makaranta.

An sa mu rubuta ƙaramin kwamfaila. Shi tafinta ne: yana karɓar umarnin da mutum ya rubuta, ya mayar da shi harshen da na'ura ke ganewa. Yana cikin aiki yana jera bayanai a memori kamar rassan itace, kowane reshe na riƙe da adireshin na ƙasa da shi. Da harshen C muka yi, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka wajen 1972. A nan kai ke roƙon wuri da umarnin malloc, kai ke mayarwa da umarnin free. Kamar aron gona ne. In kana ara ba ka mayarwa, fili ya ƙare, aiki ya tsaya. In kuma ka mayar alhali shukarka na ciki, a ba wani ya nome ta. Na biyun na yi. Kwana uku ina neman inda na sallamar da reshen da ake kan amfani da shi.

Tun 1959 John McCarthy, a jami'ar MIT, ya samo dabara ga harshensa Lisp: a bar na'ura ta yi sharar da kanta. Mai sharar yana farawa ne daga turke, wato abin da manhaja ke riƙe da shi yanzu. Ya bi kowace igiya, duk abin da ya isa gare shi ya sa masa alama. Wanda bai samu alama ba, shi za a share a maido wurinsa.

Akwai wata hanyar, ta ƙirga: kowane abu a riƙa lissafa igiya nawa ke ɗaure da shi, in ta koma sifili a share. Amma ku duba awaki biyu da aka ɗaure da juna, ba ko ɗaya a turke. Kowace tana da igiya ɗaya, alhali sun ɓace wa mai su. Shi ya sa harshen Python, da ke ƙirga, ya ƙara wani mai shara don kama irin waɗannan. Wasu masu kwamfaila kuma sukan ɗebi babban fili, su yi ta yanka daga ciki, in aiki ya ƙare a mayar gaba ɗaya, kamar share masussuka bayan an gama sussuka.

To ina ruwan Inna da wannan? Waya tana da wuri biyu. Akwai RAM, wurin aiki na ɗan lokaci. A Android akwai mai shara da ke kula da shi ba sai ka taɓa ba. Akwai ma'ajiya, inda hotuna da muryoyi ke zama. Nan kam waya ba ta san wanne ne muryar mahaifi, wanne ne bidiyon barkwanci ba. Mai wayar kaɗai ya sani.

Don Allah masu caji da masu gyara, ku riƙa tambaya kafin ku goge. A saitin WhatsApp akwai wurin da ke nuna abin da ya wuce megabait 5 da wanda aka yi ta turawa. Daga nan za ku fara. Mu kuma, abin da muke ƙauna mu kwafe shi a katin memori, ko mu tura wa ɗan'uwa.

Da dare ina kwance na tuna: saƙo yakan zauna a wayar wanda ya turo ma. Wayar Baba tana hannun Baffa a Kano. Na buga masa na ce, "Baffa, don girman Allah kada a taɓa wayar nan." Ya ce tana cikin akwati tun ranar bakwai. Juma'a mai zuwa zan bi ta Magaria in karɓo ta. Inna na jira. Ku taya mu da addu'a.