Tun Ran Gini, Ran Zane

Ranar da na fara zama gaban kwamfuta a rayuwata ita ce ranar jarrabawar JAMB. Tun ana jibi na bar Saulawa, na bi ta Ikara zuwa Zariya, na sauka gidan gwaggona. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, amma mintunan farko duk sun tafi wajen neman inda zan danna, hannuna na rawa. Yaron da ke kusa da ni kuwa sai ƙwas-ƙwas kake ji.

Wannan ma ƙaramar matsala ce. Babbar tun a aji huɗu na sakandare ta faro, ban sani ba. Makarantarmu ba ta da malamin Fiziks a lokacin, sai aka ce wanda ya ga dama ya ajiye darasin. Da murna muka ajiye. Burina tun ina ƙarama shi ne na karanta aikin jinya a Jami'ar Ahmadu Bello, amma ba wanda ya taɓa gaya mini cewa sai da kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji. A wajen rajista na fara jin haka, ina aji shida, daga bakin wani yaro mai cike wa mutane fom. Na cike wani kwas da ban ma san me ake yi da shi ba, na rubuta, sakamakon bai yi kyau ba.

Masara Baba ya kai kasuwa ya biya kuɗin wannan rajista. Da na gaya masa, bai yi faɗa ba. Ya daɗe shiru, sannan ya ce, "To, mu da ba mu yi bokon ba, ina za mu sani?" Har yau wannan maganar tana ci mini rai, domin gaskiya ya faɗa. Iyayenmu sun san ranar shuka, sun san lokacin dashen tumatir da saran rake, ba wanda zai koya musu. Amma hanyar jami'a ba su taɓa bin ta ba, kuma ba wanda ya zauna ya yi musu bayani.

Shekara guda na yi a gida. 'Yan aure suka fara sallama, Inna ta fara sassautowa. Wata mai yi wa ƙasa hidima da aka turo garinmu ce ta riƙa koya mini Fiziks bayan la'asar, ta kuma bar ni ina taɓa kwamfutarta. Na sake rubuta darussan gaba ɗaya a jarrabawar 'yan waje, domin wasu kwasa-kwasan ba sa karɓar sakamakon zama biyu. Baba ya sake kai masara. Allah cikin ikonsa, a karo na biyu na samu.

Yanzu ƙanwata tana aji huɗu. Kafin ta zaɓi darussa na zaunar da ita, muka duba abin da kwas ɗin da take so yake buƙata. Mun yi mata lambar NIN, tunda daga 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita, muka tabbatar sunanta da ranar haihuwarta iri ɗaya ne a kowace takarda. Duk hutu tana zuwa shagon kwamfuta a Ikara. Inna kuma ta ware akuya guda, ta ce ta jarrabawa ce, ko biki ya taso ba mai taɓa ta.

Iyaye, ko ba ku yi boko ba, kuna iya tambayar yaro ɗan aji huɗu: me kake so ka zama, waɗanne darussa ake nema? In bai sani ba, ku kama hannunsa ku kai shi wajen wanda ya sani. Da an yi mini wannan tambayar, da masarar Baba sau ɗaya ta je kasuwa.