Jacksonville: Birnin Da Zabiya Ta Share Wa Hawaye

Duk matafiyin da ya gangaro Jihar Fulorida ta Amurka daga arewa, ya bi gefen Tekun Atlantika, babban birnin da zai fara riska shi ne Jacksonville. Wannan ba irin Fuloridar da ake gani a hotunan masu yawon shan iska ba ce. Gari ne na ma'aikatan tashar jiragen ruwa, da mayaƙan ruwa, da direbobin manyan motoci, kuma halayen mutanensa sun fi kama da na Jihar Jojiya da ke maƙwabtaka da su.

Kogin St. Johns mai tsawon mil 310 shi ya raba birnin biyu, yana malala arewa sannu a hankali kamar ba ya so. Da can ana kiran wurin da wani suna mai nufin mashigin shanu, domin a nan ne kogin ya tsuke, masu dabbobi suke ƙetarar da garkensu. A 1822 aka yanka gari, aka raɗa masa sunan Janar Andrew Jackson, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar. A watan Mayu na 1901 wata gobara ta lashe gine-gine fiye da 2,000 a yini guda, ta bar mutane wajen 10,000 ba wurin kwana. Mutanen garin suka share toka, suka sake gini. Tun da aka haɗe shi da gundumar Duval a 1968 kuwa, yana cikin biranen da suka fi faɗin ƙasa a Amurka duka.

Amma abin da ke kawo baƙi masu sha'awar kiɗa ba ya cikin dogayen benayen bakin kogi. Sai an nausa yammacin gari, unguwar masu ƙaramin ƙarfi, inda gidaje ƙanana suke jere ƙarƙashin manyan itatuwa masu yalwar inuwa. A nan Ronnie Van Zant, ɗan wani direban babbar mota, ya tashi. A 1964 shi da wasu samari, ciki har da Gary Rossington da Allen Collins, suka haɗa ƙungiyar kiɗa. Akwai wani malamin motsa jiki a makarantar sakandaren yankin, Leonard Skinner, wanda ya matsa wa yara masu tara gashi lamba. Don tsokana sai suka murɗe sunansa, suka kira kansu Lynyrd Skynyrd.

Kiɗan nasu shi ake kira rok na Kudu. Asalinsa gauraye ne: an ɗebo daga bulus, wato waƙoƙin baƙin ciki na baƙar fatan Amurka, an haɗa da waƙoƙin Turawan karkara, sa'an nan aka ɗora jita har uku, da fiyano, da ganguna. Jacksonville kuwa ta san ɓangarorin biyu. A unguwar LaVilla ta baƙar fata ne Ray Charles ya yi kiɗan neman abinci yana saurayi, cikin 1945. Wannan gauraya ba ta rasa tabo ba, gama shekara da shekaru ƙungiyar tana kafa tutar 'yan tawayen Kudu masu kare bauta a dandalinta, abin da ya ɓata wa jama'a da yawa rai. Ita ma makarantar nan sunan Janar Robert E. Lee na 'yan tawayen take ɗauke da shi, sai a 2021 aka sauya mata suna zuwa Riverside.

Kudu da birnin, kusa da Green Cove Springs, akwai wata 'yar bukka mai rufin kwano a bakin rafi, wadda saboda tsananin zafinta suka yi mata laƙabi da gidan wuta. A ciki suke wuni suna bita, tun safe har yamma, har faifansu na farko ya fito a 1973. Bukkar ba ta nan yanzu.

Ran 20 ga Oktoba 1977, kwana uku bayan fitowar faifansu na biyar na ɗakin ɗaukar murya, suka tashi daga Greenville za su Baton Rouge cikin wani tsohon jirgin sama na haya. Mai ya ƙare musu a sama, jirgin ya faɗa cikin kurmi kusa da Gillsburg a Jihar Misisifi. Cikin mutum 26 da ke ciki, shida suka rasu: Ronnie Van Zant, da makaɗin jita Steve Gaines, da yayarsa Cassie Gaines 'yar amshi, da wani ma'aikacinsu, da matuƙa biyu. Rossington ya kakkarye hannu da ƙafa. Collins saura kaɗan a yanke masa hannu. Bangon sabon faifan nan yana nuna su tsaye cikin harshen wuta, dole aka janye shi aka sake wani.

Da waɗanda suka tsira suka warke, sai suka tarar da wata matsala wadda ta fi karaya wuyar ɗori. Kiɗa shi ne sana'arsu, ba su da wata. To, wa zai tsaya inda Ronnie yake tsayawa, ba takalmi a ƙafarsa, da baƙar malafa a kansa? Duk namijin da aka kawo, jama'a za su auna muryarsa da ta mamaci, su ce bai kai ba. Hausawa na cewa in ba ki da gashin wance kada ki yi kitson wance. A 1979 Rossington da Collins suka yanke shawarar da ba wanda ya zata: suka bar tsohon suna ya huta, suka kira sabuwar ƙungiya Rossington Collins Band, suka kuma miƙa waƙa ga mace.

Sunanta Dale Krantz. Ba ma 'yar Kudu ba ce, daga Jihar Indiyana ta fito, kuma aikinta a lokacin amshi ne a ƙungiyar 38 Special ta Donnie Van Zant, ƙanen marigayin. Wato daga sahun baya aka jawo ta zuwa gaba, aka ce ta fuskanci dubban mutanen da ba su gama makoki ba, a wani fagen da kusan duk jagororinsa maza ne.

Faifan da suka yi, mai suna Anytime, Anyplace, Anywhere, kamfanin MCA ne ya fitar da shi a 1980. A bangonsa an zana tsuntsun nan na tatsuniyar Turawa wanda yake tashi daga cikin wuta bayan ya ƙone. Waƙoƙi tara ne a ciki, kuma tun daga ta farko, Prime Time, mai sauraro zai gane cewa zabiyar ba ta zo neman alfarma ba. Muryarta mai kauri ce, da ɗan gurzo a maƙoshi, tana fitowa daga ƙirji. Jita uku suna ruri a bayanta, Billy Powell yana watsa yatsu bisa fiyano, Leon Wilkeson yana riƙe da gindin kiɗan, amma duk ba su danne ta ba. A Three Times as Bad sai kiɗa ya lafa, ya koma bulus tsantsa; nan take jan kalma ta riƙe ta, ta sake ta a hankali, kamar mai ba da labarin abin da ya ci mata rai. A Don't Misunderstand Me kuwa, wadda gidajen rediyo suka fi sakawa, ita da Barry Harwood ne suke karɓa-karɓa, namiji ya jefa mace ta cafe. Ko sau ɗaya ba ta kwaikwayi salon Ronnie ba, kuma wannan shi ne ya ceci faifan. Ya hau har mataki na 13 a jerin faifan da aka fi saye a Amurka, ya kuma sami lambar zinariya, wadda ake bai wa faifan da aka sayar da 500,000.

Duk da haka akwai iyakar da ba su ƙetare ba. In sun zo rufe wasa sukan kaɗa Free Bird, mashahuriyar waƙar tsohuwar ƙungiya, amma ba mai rera ko kalma ɗaya. Dale takan ja gefe, kiɗa ya yi ta tafiya shi kaɗai.

Abin bai daɗe ba. A cikin 1980 ɗin matar Collins ta rasu sanadiyyar ɓarin ciki, shi kuwa bai sake komawa daidai ba. Sun yi faifai na biyu a 1981, suka watse a 1982, shekarar da Dale da Rossington suka yi aure. Collins ya yi haɗarin mota a 1986 wanda ya shanye masa ƙafafu, ya rasu a 1990. Da aka farfaɗo da Lynyrd Skynyrd a 1987, Johnny, autan gidan Van Zant, shi ya karɓi waƙa, daga bisani kuma Dale ta koma sahun 'yan amshi a bayan mijinta. Rossington, na ƙarshe cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya rasu a watan Maris na 2023.

Baƙon da ya zo ziyara zai ga gidan da 'ya'yan Van Zant suka girma a ciki, inda aka kafa allon tarihi a 2018. Can Misisifi ma an gina dutsen tunawa kusa da inda jirgin ya faɗi, a 2019. A waɗannan wurare sunayen mamata ne suka fi fitowa. Wanda yake son sanin yadda masu rai suka miƙe bayan masifar, sai ya nemi faifan nan na 1980, ya saurare shi tun daga farko har ƙarshe.