Tattaki cikin Birnin Damagaram

Larabawa sun raɗa ma wannan yanki namu suna Sahil, wato gaɓar teku. Wanda ya san tarihin fatauci ba zai yi mamakin sunan ba, domin a idon madugai hamada teku ce, raƙumi shi ne jirginta, garuruwan da ke bakinta kuwa su ne masaukin jirage. Cikin waɗannan garuruwa, Damagaram, wadda Nasara ke rubutawa Zinder, tana sahun gaba a ƙarni na 19. Tsakaninta da Yamai kimanin kilomita 900 ne, amma tsakaninta da Kano bai wuce 240 ba. Ayarin da ya taso daga Tarabulus, ya biyo ta Gat da Agadas, nan yake sauke kaya ya huta kafin ya wuce Kano, haka ma ayarin gishirin Bilma.

Tushen garin unguwa biyu ne: Birni, inda fadar sarki take, da Zango, masaukin Buzaye da fatake, a arewa da shi. Sabon gari na ma'aikatu ya zo daga baya ya cike tsakaninsu. Matafiya da yawa sukan ratsa ta bakin kwalta, su ga tasha da Kasuwar Dole, su koma gida suna cewa sun ga Damagaram. Gaskiyar magana, mai karatu, Birni ba a ganinsa daga cikin mota. Lungunansa sai ƙafa, sai kuma ja-gora ɗan unguwa wanda ya san inda ake sallama da inda ake tuɓe takalmi. Mu dai da hunturun da ya biyo bayan damanar 2024 muka yi namu tattakin, tun da hantsi, a bayan wani saurayi haifaffen Birni.

Ganuwar Tanimun

Daga abin da ya rage na ganuwa muka fara. A yau guntaye ne nan da can, ruwa ya cinye kawunansu, amma kaurin gindinsu ya isa ya shaida ma mutum irin aikin da aka yi. Turawan da suka gan ta a ƙarshen ƙarni na 19 sun ce tsawonta ya kai kusan mita 10, tana da ƙofofi 7. Ja-goranmu ya tsai da mu a nan ya jero mana asalin sarauta. Malam Yunus, malami ɗan asalin ƙasar Barno, shi ya kafa gidan cikin shekarun 1730. A farkon ƙarni na 19 Sulaiman ɗan Tintuma ya maido da gadon sarauta wannan wuri. Ɗansa Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, shi ne ya mai da ƙaramar ƙasa mai kai gaisuwa Kukawa ta zama daula mai ji da kanta. Shi ya ɗaga ganuwar, ya tara bindigogi, ya sa maƙeran gari suna zuba igwa, ana haɗa albarushi a nan cikin Birni.

Akwai hikayar da yaran Birni duka suka sani, cewa da ganuwa ta yi ta faɗuwa sai aka binne littattafai da ƴan Adam cikin jikinta kafin ta tsaya. Ja-goran ya ba mu ita yana murmushi, ya ce labarin kaka da kakanni ne. Ko ma dai mene ne, hikayar ta nuna irin tsoron da Tanimun ya bari a zukatan mutane.

Abin da ke fara ɗaukar idon baƙo cikin Birni shi ne duwatsu. Manya ne, masu sulɓi, wasu sun hau kan wasu kamar da hannu aka aza su, gidaje kuwa sun jingina da su, awaki na hawa da sauka. Waɗannan duwatsu su suka ba garin mafaka a zamanin yaƙi, su ne kuma suka hana shi ruwa, domin ƙarƙashin ƙasar falalen dutse ne da ba ya riƙe ruwa mai yawa. Shi ya sa aka daɗe ana jawo ruwan famfo daga nesa, kamar Gogo da Macaya. Ƴan garuwa da muka yi ta ba hanya cikin lunguna, da jerin bidoji a bakin famfo, sun isa shaida.

A ƙofar fada

Lungu ya yi ta murɗawa da mu har muka ɓullo wani fili mai faɗi, sai ga fada a gabanmu, doguwar fuska mai bene da ƙatuwar ƙofa. An gina ta wajen 1850. Dogarai na zaune a inuwa cikin rigunansu ja da kore. Ja-goran ya rage murya, ya rusuna ya ce: «Ranku ya daɗe, baƙi ne suka zo ganin gida.» Aka amsa mana da maraba, aka haɗa mu da wani bafade. Daga zaure sai wani zauren, kowane da sanyinsa ko da rana ta take, saboda kaurin bango da tsawon rufi. In ka ɗaga kai sai ka ga bakan gizo, wato azarar giginya da aka ɗaura aka lanƙwasa, aka lulluɓe da ƙasa, ta ɗauki nauyin soro ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba.

Fadar nan gida ce mai rai, ana kawo ƙara, ana sulhu, ana naɗin sarauta. Sunayen sarautun kansu tarihi ne: Ciroma, Galadima, Kaigama, duka daga Barno suka zo, ko da yake Hausa ake yi a fada da kasuwa. A wannan fili ake hawan Salla da kakaki da algaita, nan mahauta ke hawan ƙaho, nan kuma marigayi Ma'azu Ɗan Alalo ya yi ta wasa sarakunan gidan.

Daga filin aka nuna mana tudun dutse inda barikin soja yake, aka ɗauko labarin Amadu Kuran Daga, ɗan Tanimun, wanda ya hau gado a 1893, ya gwabza da Sarkin Kano Alu. A 1898 wani kyaftin na Faransa mai suna Cazemajou ya iso garin a hanyarsa ta zuwa gabas. Fada ta yi zaton ƙawance zai ƙulla da Rabe, wanda ya riga ya murƙushe Barno, sai aka kashe shi tare da tafintansa ranar 5 ga watan Mayu. Shekara na zagayowa sojojin Faransa suka zo ramuwa. Aka haɗu a Tirmini, yamma da gari, a ƙarshen watan Yuli na 1899, dawakin Damagaram suka kasa jure ruwan harsashi, sarki ya fita daga Birni, aka cim masa a watan Satumba aka kashe shi. Barikin da Nasara suka gina bisa dutsen sun sa masa sunan Cazemajou. Bayan samun ƴancin kai aka mai da shi sunan Tanimun.

Wanda suka naɗa, Amadu ɗan Basa, shi ma bai tsira ba. A 1906 suka zarge shi da shirya tawaye, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodebuwa, suka damƙa riƙon ƙasa ga wani bawan fada mai sarautar Bellama. Sai a 1923 aka maido da sarauta gidanta a hannun Barma Mustafa. A tsakanin nan Damagaram ta zama babban birnin ƙasar Nijar, daga 1911 har 1926, lokacin da Gwamna Brévié ya ƙaura da gwamnati zuwa Yamai. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar, haka ma kusancin garin da Najeriya ta Ingilishi. Har gobe dattawan Damagaram ba su daina jin zafin wannan ƙaura ba.

Gidan Abdul Karim

Cikin wani lungu, jikin wani gida da ba ya da wani bambanci da maƙwabtansa, akwai allo mai ɗauke da sunan Heinrich Barth, Bajamushen matafiyi da ke kiran kansa Abdul Karim. Ya sauka nan daga 25 ga watan Disamba na 1852 zuwa ƙarshen Janairu na 1853, yana jiran guzuri daga arewa, sa'an nan ya kama hanyar Katsina da Sakkwato har Tumbutu. Kafin shi, a farkon 1851, abokin tafiyarsa James Richardson ɗan Ingila ya yi makonni a garin, ya rubuta abin da ya gani na harin bayi da cinikinsu. Wajibi ne a faɗi wannan ma. Dukiyar da ta gina benayen Birni ta fito daga fatu da gashin jimina da hauren giwa da gishiri, ta kuma fito daga ƴaƴan talakawan ƙauyuka da aka kora cikin hamada ba su dawo ba. Ja-goran da ya ɓoye wannan ya rage ma baƙonsa rabin tarihi, namu kuwa bai ɓoye ba.

Sai bango ya tsage

Inda muka fi daɗewa shi ne gaban gidajen zane. Fuskar zaure ce ake ƙawatawa da zane mai tudu, dagi da da'ira da takobi, wasu da launin ƙasa kawai, wasu an bi su da shuɗi da ja da rawaya, zankwaye kuma sun miƙe bisa kusurwoyi kamar kunnuwan zomo. A da, fuskar zaure ita ke faɗin matsayin mai gida tun kafin a yi sallama. Amma gida mai kyau ɗaya, sai ka wuce biyu ko uku da suka tsage, ko suka zama kango.

A bakin wani kango muka tarar da wani tsohon magini yana duba tubalin da yaransa suka shanya. Muka ce: «Sannu da aiki, Baba.» Ya amsa, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma. Abin da ya bayyana mana shi ne ginin ƙasa ba ya tsufa in ana kula da shi. Ana cuɗa ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa kwanaki, a mulmula tubali da hannu, a jera shi, a yi yaɓe, a bi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, domin ruwan sama ya zame. Kowace shekara kafin damana sai a hau soro a toshe tsaga, a gyara indararo. In aka yi sakaci shekara biyu ko uku, ruwa ya sami hanya cikin azara, to magana ta ƙare.

Ya lissafa mana abubuwan da ke kashe gidajen. Na farko gado: gidan da mutum ɗaya ya gina yanzu na magada talatin ne, rabinsu na Yamai ko Kano, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fitar da kuɗin yaɓe. Na biyu siminti: mutane na shafa shi bisa bangon ƙasa suna zaton ƙarfi suka ƙara masa, alhali damshi ne suke kullewa a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata rana ɓawon simintin ya ɓallo da rabin bango. Na uku tsadar azara, domin giginya ta yi nisa. Na huɗu leda da shara da ke toshe magudanai, ruwa ya kwanta a gindin gini. Na ƙarshe, wanda ya fi damunsa, samari sun fi son tuƙa kabu-kabu bisa ga koyon cuɗa ƙasa.

Ba mu yi nisa da shi ba muka iso inda maganarsa ta tabbata. Ranar 3 ga watan Satumba na 2024, bayan ruwa mai yawa da aka yi ta yi a damanar da ta yi ɓarna ko'ina cikin ƙasa, tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya rushe. Hoton faɗuwarsa ya zagaya duniya ta wayoyin hannu. Ja-goranmu, wanda tun safe bakinsa bai huta ba, a nan ya yi shiru. Sai da muka juya ya ce a cikinsa kakansa ya fara kai shi salla.

Wa zai ɗauki nauyi?

Da la'asar muka ƙarasa Zango, muka ga unguwar da Malam Yaro, babban attajirin zamanin zuwan Nasara, ya yi harkarsa, muka leƙa wurin dukawa masu jaka da takalma da suka fitar da sunan Damagaram. Ciwon da ke cin Birni shi ke cin Zango.

Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Tsohon garin Agadas ya samu shiga a 2013. Amma takardar hukuma ba ta yaɓe bango. A Jenne ta ƙasar Mali, kowace shekara gari duka ke fitowa, maza da mata da yara, a yaɓe babban masallaci cikin kiɗa da raha, shi ya sa yake tsaye. Mu ma muna da gayya a al'adarmu. Me zai hana fada da ma'aikatar magajin gari su tsai da mako ɗaya kafin kowace damana, a yi gayyar yaɓe da yashe magudanai, unguwa bayan unguwa? Me zai hana a ɗauki tsofaffin magina a biya su, su koya ma samari tun suna da rai? Jami'ar garin na ɗauke da sunan marigayi André Salifou, ɗan Damagaram da ya rubuta tarihin daular a 1971. Ɗalibanta za su iya bin gidajen zane ɗaya bayan ɗaya, su auna, su ɗauki hoto, su rubuta sunan maginin da tarihin gidan. Attajiran Damagaram da ke gina benayen siminti a Yamai, kowane ya ɗauki zauren kakansa ɗaya, aikin zai ragu ƙwarai.

Kai kuma mai karatu, in hanya ta kai ka Damagaram, ka ware rabin yini. Ka nemi ja-gora ɗan unguwa, ku daidaita ladansa tun kafin ku tashi, ka riƙe ruwan sha, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum ko gida, barikin soja kuwa kada ka nuna masa na'ura. Kuɗin da ka ba ja-gora da baduku cikin unguwa suke zama, su ne ke nuna ma mai gida cewa tsohon zaurensa dukiya ne. Gani ya kori ji. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana gidajen iyayenmu, amin.