Yini guda a bakin teku, daga Kwatano zuwa Wida, da haƙƙin salla a cikinsa

 Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ƴan uwa, Kwatano ba baƙon gari ba ne ga ƴan kasuwarmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa. Mutum yakan yi kwanaki yana jiran kayansa su fito daga tashar jiragen ruwa, zama ya ishe shi, sai abokai su haɗa kuɗi su ɗauki mota da ɗan jagora, su bi bakin teku zuwa garin Wida, su dawo a yini guda. An sha tambayata hukuncin wannan fita. Halal ce, har tana iya zama lada, muddin an daidaita zancen salla kafin a shiga mota.

Ni ma na taɓa bin wannan hanya da ake kira Hanyar Masunta. Tsawonta kusan kilomita 40 ne, tana farawa daga unguwar Fidjrossè ta nufi yamma. Teku na hannun hagu, itatuwan kwakwa sun jeru, can a hannun dama kuma akwai tabki. Za ka ga masunta sun yi layi a kan rairayi suna jan taru guda da igiya, kusa da Wida kuma mata na dafa gishiri a ƙauyen Djègbadji. Mutumin da ya tashi yana jiran damina ta cika masa tabki, in ya tsaya gaban ruwan da ido ba ya ganin iyakarsa, tasbihi kan zo bakinsa ba tare da ya nema ba.

A Wida ɗan jagora zai nuna maka ganuwar da mutanen Fotugal suka gina a 1721, sannan ya bi da kai hanyar bayi, kimanin kilomita 4 daga cikin gari zuwa gaɓa, inda aka gina Ƙofar Ba Dawowa a 1995. Daga wannan gaɓa da makwabtanta aka loda mutane zuwa Barazil, cikinsu har da Musulmi, har da Hausawa. A 1835, cikin watan Ramadan, bayi Musulmi sun yi bore a birnin Salvador na Bahiya, aka samu takardu da rubutun Larabci a jikin wasunsu. Waɗannan sun riƙe addini suna cikin bauta. Wane uzuri ke gare mu, mu da muka zo da motar haya da guzuri, in azahar ta wuce mu a wurin?

Ga abin da nake so ka riƙe, ɗan uwa.

Ɗan jagora da agogonsa yake aiki, kuma wataƙila ba Musulmi ba ne. Tun a wurin ciniki ka faɗa masa cewa za a tsaya azahar da la'asar, a sa su cikin tsarin yinin. Wanda aka gaya wa da safe ba ya jin nauyi, wanda aka tsayar ba zato kuwa shi ke cewa a bari sai an isa.

Game da kasaru, a mazhabarmu ta Malikiyya tazararsa mil 48 ce, wato kilomita 80 da ɗan wani abu, kuma ba a haɗa zuwa da dawowa a lissafi. Saboda haka in ka shiga Kwatano da niyyar zaman kwana huɗu cikakku ko fiye, ka zama mazauni, fitar Wida ba ta ba ka kasaru, raka'a huɗu za ka yi. In ba ka yi wannan niyya ba, kana nan a hukuncin matafiyi, a Kwatano da Wida duka. Haɗa azahar da la'asar kuwa, malamai sun yi rangwame a kansa ga matafiyin tudu ko da tafiyar gajera ce, amma sun fitar da mai tafiyar saɓo da mai tafiyar shashanci. Kai ma ba ka bukatarsa, tunda motar tana tsayawa sau da yawa, rairayi mai tsarki kuma ga shi ko'ina.

Rashin ruwa ba hujja ba ne. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tabbatar wa masu hawa teku cewa ruwanta yana tsarkakewa. Ka ɗiba da buta daga baki, kada ka shiga ciki. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana ja da ƙarfi, mu kuma yawancinmu ba mu iya iyo ba, kiyaye rai wajibi ne. Alƙibla tana gabas, a karkata kaɗan zuwa arewa, teku tana hannunka na dama.

Abu na ƙarshe ya fi duka nauyi. Wida cibiyar addinin gargajiya ce da ake kira bodun. Akwai ɗakin mesa, akwai kurmin da ake tsarkakewa, kuma ana iya ce maka ka dafa itace ka faɗi bukatarka, ka ajiye kuɗi. Sauraron tarihi daban, roƙon wanin Allah daban. Ka ce a'a da sakin fuska, ba zagi ba izgili, domin baƙo ne kai a garin mutane. In kana jin ba za ka iya cewa a'a ba, ka jira a mota.

Sauran abin da ya rage shi ne runtse ido a bakin ruwa, da barin ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba, da cika wa ɗan jagora da direba ladansu kamar yadda aka yi alkawari.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, Ya jiƙan Musulmin da aka fitar ta wannan gaɓa ba su dawo ba. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum.