Da wa kika ci abinci? Darasin da na koyo a Hanoi

Ranar da na sauka a filin jirgin saman Noi Bai na birnin Hanoi, cikin watan Satumban 2023, rabin akwatina yaji ne da garin kuka da busasshiyar kuɓewa. Umma ce ta shirya su da hannunta a gidanmu na Agege. Karatun digiri na biyu a fannin noman shinkafa ne ya kai ni Biyetnam, ƙasar da ke cikin uku na gaba wajen sayar da shinkafa a duniya, tare da Indiya da Tailan.

Na ɗauka wadda ta tashi a Legas ta gama ganin cunkoso. Ashe da saura. Babura ne ke kwarara a titunan Hanoi kamar ruwan kwata bayan an yi mamako, kowa da hular kwano, domin tun 2007 doka ta tilasta sanya ta. Na yi minti goma a bakin titi na kasa tsallakawa, sai wata tsohuwa mai tallar furanni ta kama hannuna muka ratsa. Dabarar ita ce kada ka yi gudu, kada ka ja da baya. Ka tafi a hankali, masu babur su ne za su kauce maka.

Na kama hayar ɗaki a hawa na uku na wani siririn gida, irin gidajen birnin masu ƙuntataccen gaba da dogon ciki. Mai gidan tsohuwa ce da ta haura saba'in, tana zaune da ɗanta da matarsa da jikoki biyu. Abin da ta fara tambayata shi ne shekaruna. Na ji wani iri, amma daga baya na gane dalili. A harshensu ba a ce wa mutum "kai" ko "ke" haka kawai, sai an san matsayinsa: yaya ne, ƙane ne, gwaggo ce ko kawu. Ta ce in riƙa kiranta Ba, wato kaka, ita kuma ta riƙa ce mini cau, wato jika. Nan take na tuna gida, inda ba a kiran babba da gatsal.

Kullum da yamma sai Ba ta ɗaga murya daga ƙasa ta tambaye ni ko na ci shinkafa. Haka suke gaisuwa, kamar yadda muke cewa "ina gajiya". Ni kuma in ce na ci. Gaskiyar magana, tsoro ne ya hana ni sauka. Naman alade shi ne naman da aka fi ci a ƙasar, ana kuma yin suya da kitsensa, ni kuwa ban san yadda zan yi bayani ba tare da na ɓata wa mutane rai ba. Sai na kulle kaina da taliyar leda da burodi da shayi. Biyetnam tana gaban Nijeriya da awa shida, saboda haka lokacin da Umma take samun sukunin kira, ni dare ya yi mini nisa. "Kin ci abinci?" "Na ci, Umma." Wata biyu ina wannan ƙarya, har siket ɗina ya fara zamewa.

A farkon Nuwamba zazzaɓi ya kwantar da ni, da ciwon kai ta bayan ido da ciwon gaɓoɓi kamar an yi mini duka. Na yi abin da yawancinmu muka saba: na ce maleriya ce, na ɗauko maganin da na taho da shi. Kwana biyu babu sauƙi. Da Ba ta ga ban fito ba, ta hau matakalar nan da ƙafarta mai ciwo, ta taɓa goshina, ta kira ɗanta ya kai ni asibiti. Gwajin jini ya nuna zazzaɓin dengi ne, wanda ya yi yawa a Hanoi a wannan shekarar.

Ina so iyaye su riƙe abin da likita ta gaya mini. Sauron da ke kawo dengi da rana ya fi cizo, kuma yana hayayyafa a ruwan da ya taru cikin bokiti ko tukunyar fure. Maganin maleriya ba ya yi masa komai. Farasitamol ake sha da ruwa mai yawa, a guji asfirin da ibufurofen domin suna iya jawo zubar jini. Lokacin da zafin jiki ya fara sauka shi ne ake sa ido sosai. Idan aka ga ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko jini daga dasashi ko hanci, a koma asibiti nan take.

Da na dawo gida, Ba ta kawo mini kunun shinkafa mai citta da albasa, abin da suke ba marar lafiya. Na tsaya ina kallon kwanon. Sai jikarta mai shekara goma sha huɗu ta ce da Turanci: "Kaka ta ce kaza ce babu, alade babu, shinkafa ce kawai, kuma a sabuwar tukunya ta dafa." Ashe tun tuni ta lura da kallabina da sallata, ta aiki yarinyar ta bincika abin da Musulmi ba sa ci. Ni ce ban taɓa buɗe baki ba. Na sha kunun nan ina hawaye.

Tun daga ranar na fara sauka cin abincin dare. Tire ɗaya ake ajiyewa a tsakiya, kowa da ɗan kwanon shinkafarsa. Akwai ganye da aka dafa sama-sama, da kifi, da awarar waken suya, da romo marar nauyi, da ɗan ruwan kifi mai gishiri da ake tsoma abinci a ciki, wanda warinsa ya tuna mini daddawa. Kafin a sa hannu, yara sukan gayyaci manya ɗaya bayan ɗaya su fara ci. Ba a kafa tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, domin ya yi kama da turaren da suke kunna wa mamatansu. Na lura ganye ya fi nama yawa a tiren, mai kuma kaɗan ne. Da asuba Ba takan ja ni zagaya tafkin unguwarmu, inda tsofaffi ke motsa jiki rukuni-rukuni, kamar yadda ake yi a bakin shahararren tafkin Hoan Kiem. Cikin wata guda ƙarfina ya dawo.

Sauran hanyoyi ma sai suka buɗe. Na koyi kalmar cai, wato abincin da babu nama, wanda mabiya addinin Buda ke ci musamman ranar 1 da 15 ga watansu. Na gano masallacin Al-Noor a titin Hang Luoc, wanda fatake daga Indiya suka gina a ƙarshen ƙarni na 19. A can na haɗu da ɗalibai 'yan Indonesiya da Malesiya, suka nuna mini inda ake sayar da naman halal. Harshen ma bai gagare ni kamar yadda ya gagari Turawan ajinmu ba. Karin sauti shida ne da shi a lafazin arewa, kuma kunnen da ya saba da karin sautin Hausa ya riga ya sami rabin hanya.

Daga Disamba sanyi ya sauko, mai danshi, ga hayaƙi da ƙura da ke rufe sararin birnin har sai an sa takunkumi. Sai bikin sabuwar shekararsu, Tet, ya zo ranar 10 ga Fabrairu 2024. Gari ya yi tsit, kowa ya tafi ƙauyensu, kamar Agege a jajiberin Babbar Sallah. Iyalin suka kwana suna dafa wani ƙullin shinkafa mai danƙo da wake a cikin ganye, wanda bisa al'ada ake sa masa alade. Nawa guda biyu aka ɗaure da jan zare, babu nama, aka dafa su daban. Da safe Ba ta miƙo mini jar ambulan da sabon kuɗi a ciki, daidai da na jikokinta.

Ga iyayen da ke shirin tura ɗa ko 'ya karatu wata ƙasa, kuɗin makaranta da biza ba su ne ƙarshen shiri ba. A tabbatar akwai inshorar lafiya, a san cututtukan da ke yawo a can, a yi rajista da ofishin jakadancin Nijeriya. A koya wa yaro ya faɗi abin da ba ya ci tun ranar farko, cikin ladabi, ba tare da kunya ba. Sannan a sauya tambayar waya. Da na gaya wa Umma duk abin da ya faru, ta yi shiru, ta ce in haɗa ta da tsohuwar. Suka gaisa ta bidiyo, babu mai jin yaren wata, suna ta dariya. Tun daga lokacin ba ta ƙara tambayata ko na ci abinci ba. Cewa take: "Yau da wa kika ci?"