Kalmomin Turanci Masu Tafiya Biyu-Biyu

Duk lokacin da kotu ta rushe wani zaɓe a Nijeriya, akwai furucin da jaridun Turanci ba sa rabuwa da shi: "null and void". Lauya ya faɗa, ɗan jarida ya maimaita, har mai shayin bakin titi ya haddace. Abin da ya ja hankalina shi ne ban taɓa jin wanda ya juya shi ya ce "void and null" ba, ko da suɓul da baka. Da za a juya, ma'ana ba za ta sauya ba, kuma babu dokar nahawun da aka karya. Kunne ne kawai ba zai karɓa ba.

Turancin yau da kullum cike yake da irin waɗannan tagwaye, kowanne da wanda ke gaba da wanda ke bin baya. Ana cewa "bread and butter", "salt and pepper", "law and order", "ladies and gentlemen". Yaron da ya tashi cikin harshen ba ya kuskuren jerinsu, alhali ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. A shekarar 1959 wani masanin harshe, Yakov Malkiel na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya yi dogon nazari a kansu, ya kira su tagwayen da ba sa juyuwa.

To, wa ke yanke wanda zai shige gaba? Abu na farko shi ne tsawo. Ka ƙirga gaɓoɓin misalan nan da yatsa: "salt" gaɓa ɗaya, "pepper" biyu, "bread" ɗaya, "butter" biyu, "ladies" biyu, "gentlemen" uku. Gajeriyar kalma ce ke yin gaba, doguwar ta rufe. In ka furta su a bayyane za ka ji wani kiɗa na tashi da sauka, mai ƙarfi sannan mai rauni, wanda ke ɓacewa da zarar an juya. Wannan ba Turawa suka fara lura da shi ba. Panini, wanda ya rubuta nahawun harshen Sanskrit a yankin Indiya fiye da shekaru 2,000 da suka wuce, ya kafa ƙa'ida cewa idan aka haɗa sunaye biyu, mai ƙarancin gaɓoɓi ne ke zuwa farko.

Abu na biyu ya fi burge ni. A 1975 William Cooper da John Ross suka nuna cewa mai magana yakan fara da abin da ya fi kusa da shi kansa: "here and there", "now and then", "this and that". Inda nake tsaye kafin inda ba na nan, lokacin da nake ciki kafin waninsa. Mu ma haka muke, "nan da can", "yau da gobe". Mutum daga ƙafarsa yake fara auna duniya, sai harshe ya bi shi.

Sai dai akwai inda hankali ya ce abu, baki ya ƙi. Safa ake fara sakawa kafin takalmi, amma galibi "shoes and socks" za ka ji. Walƙiya ake gani kafin a ji tsawa, amma "thunder and lightning" ake cewa. A "back and forth" kuwa dawowa ce ta riga tafiya, inda Bahaushe ya bi tsarin aikin ya ce "kai da kawowa". Nan babu hujjar da ta wuce sabo, kuma ina ganin ya kamata malami ya iya faɗin haka kai tsaye maimakon ƙirƙiro dalilin da babu shi.

Akwai wata ƙa'idar a cikin wayar kowa. Sunan TikTok kwaikwayon ƙarar agogo ne a bakin Bature, "tick-tock". Agogo dai sauti yake yi, bai san wasali ba, amma babu mai cewa "tock-tick". Haka "zigzag", "ping-pong", "hip-hop", "flip-flop", "chit-chat". Wasalin "i" ke fara zuwa, sannan "a" ko "o". Gwada furta su a hankali ka lura da bakinka: da farko harshe na sama, baki kusan a rufe, sannan muƙamuƙi ya sauka baki ya buɗe. Masu raɗa wa kaya suna sun san daɗin wannan, ko da ba su san sunansa ba.

Tagwayen kotu kuma tarihi ne a bayansu. Bayan Normandawa daga Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci da Latin suka daɗe suna riƙe da harkar shari'a da rubutun hukuma, talaka kuwa yana Turancinsa. Daga cakuɗuwar nan lauyoyi suka saba jera kalmar gida kusa da baƙuwa: "goods and chattels", "will and testament", "breaking and entering". A kowanne, ta farko 'yar gida ce, ta biyu ta ƙetaro teku. Da sabon ya kama jiki, sai aka ci gaba da ninkawa ko da duka biyun baƙi ne, kamar "cease and desist". Mu da muka gaji tsarin shari'ar Ingila mun gaje su tare da hular gashin lauyoyi.

Jerin maza da mata ma abin dubawa ne. A "men and women", "husband and wife", "boys and girls" namiji ne gaba, kuma tun 1553 Thomas Wilson ya rubuta a littafinsa na balaga cewa haka ya dace. Amma da an shigo cikin gida ko wurin biki sai mace ta karɓi gaba: "mum and dad", "bride and groom". Mu ma "maza da mata" muke cewa, amma "uwa da uba".

Abin da ya sa na damu da wannan shi ne ɗalibanmu. Yaro ya haddace "bread" daban, "butter" daban, ya rubuta "butter and bread" a insha'i, malam ya ja jan biro ba tare da bayani ba. Yaron ya duba harafi bayan harafi bai ga kuskure ba, sai ya fara ɗaukar Turanci a matsayin harshen da ba a gane kansa. Da ma a riƙa koyar da tagwayen nan a dunƙule, ana furta su da ƙarfi a aji har su zauna a baki. Kafin nan ma, malam ya ce wa ɗalibin ya tashi ya yi tallan "nono da fura" ko ya nemi "miya da tuwo". Ajin zai fashe da dariya, kuma duk wanda ya yi dariyar ya riga ya gane darasin, saura a ba shi na Turancin.